In Takardar Lanhon Gida Ta Zo da Nauyi

Ɗana, na ji an kawo maka takardar lanhon gida, kuma kuɗin da aka rubuta ya tsaya maka a rai. An ce har ka ɗaga wa mai kawo ta murya a ƙofar gida. Ba komai, ƙuruciya ce. Amma ka tuna abin da ake cewa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan bawan Allah aiko shi aka yi. Ba shi ya yi lissafin ba, ba kuma zai iya goge ko dala ɗaya ba. In ka gan shi a kasuwar Tasawa, ka ba shi hannu.

Yanzu zauna mu duba. Da farko ka san wace takarda ce a hannunka, don haraji ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙaramar hukuma, wanda ake ƙirgawa kai-kai, mai gari ko mai unguwa ya tara. Shi mutanen Korgom da Maijirgi da Kanambakashe suka fi sani. In an bar maka sunan mamaci a cikin gidanka, ko na wanda ya daɗe da ƙaura, wajen mai unguwa za ka fara, daga nan ku je ofishin magajin gari. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin riƙo ne ke zaune a kujerun, amma ofishin yana nan, littafin ma yana nan. Akwai kuma harajin da ke kan gini da kuɗin haya. Wannan na babbar hukumar haraji ta ƙasa ne, wadda ake kira DGI, mai reshe a Maraɗi. Dubi saman takardar, za ka ga sunan wanda ya aiko. Shi za ka amsa wa. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki suna kai kuka ƙofar da ba ta da maganinsa.

Wani zai ce maka ka yi shiru kawai, za su manta. Kada ka ji. Ofis ba ya mantuwa, tara ce za ta hau kan bashin. Wani kuma zai zuga ka da zancen 2018, lokacin da dokar kasafin kuɗi ta zo da sababbin haraji, har da na mazaunin gida, aka yi ta zanga-zanga a Yamai da manyan garuruwa, aka tsare su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika. Wannan gardama ce kan doka kanta, kuma tana da wurinta. Taka daban ce. Kai ba ka ce kada a karɓa ba. Cewa kake an auna ka da abin da ba naka ba.

To, da me ake aunawa? Ga gidan mutum, abin da ake kallo shi ne kuɗin hayar da gidan ke kawowa a shekara, ko wanda zai iya kawowa. A ce kana karɓar jika 15 a wata, wato 180,000 a shekara. Ma'aikaci ya zo, ya ga ƙofar ƙarfe da sabon fenti, ya rubuta jika 30, wato 360,000. Ko kashi nawa ake cira, harajinka ya ninka. Yawancin kuskure daga nan yake. Ba mugunta ba ce. Mutum ne ya tsaya a waje cikin rana, ba ka nan, ya tambayi yaro, yaro ya faɗi abin da ya zo bakinsa.

Kuma doka ba ta ɗaukar gidan da kake kwana a ciki da iyalinka daidai da wanda ka ba haya, ba ta ɗaukar ɗakin kwana daidai da shago. Nan ne gidajen gado irin namu ke shan wahala. Gida ɗaya ne, amma ɗakuna biyu na bakin titi an fasa su sun zama shaguna, tsohuwa na zaune a ciki, ƙane ya kama sashe ba ya biyan ko sisi, sunan da ke littafi kuma na mahaifin da ya rasu ne tun tuni. Mai rubutu ya ga shago, sai ya ɗauki gidan gaba ɗaya na haya. Ko kuma ɗan haya ya tashi tun bara, ɗakin yana kulle. Ko ruwa ya kayar da shi. Ka san irin ɓarnar da damanar 2024 ta yi a jihar Maraɗi, gidajen ƙasa nawa suka kwanta. Ɗakin da ya faɗi bai faɗi a littafin ofis ba sai wani ya je ya faɗa. Wannan wanin kai ne.

Ka je da hujja. Takardar filin, in akwai. In gidan na karkara ne, takardar shaidar da kwamitocin ƙasa ke bayarwa, waɗanda ake kira COFO, da suka samo asali daga dokar karkara ta 1993. Suna ba da shaidar gado da ta saye da ta kyauta. Sai yarjejeniyar haya, ko littafin da kake rubuta abin da ɗan haya ya biya. Rasit ɗin bara da na bara waccan. Hoton ɗakin da ya rushe, wayarka ta isa. Ka yi kwafin kowace, ka bar na asali a gida. Kada ka rage ko jika ɗaya daga gaskiyar hayar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɗan hayarka yana da baki. In suka same ka da ƙarya ɗaya, sauran gaskiyarka ta mutu.

Zuwan farko na tambaya ne. Ka yi sallama, ka zauna, ka ce a nuna maka yadda aka yi lissafin. Ka tambayi wa'adin kai ƙorafi, ka rubuta ranar a bayan takardar, don wa'adin ba ya jiran kowa, ko mai gaskiya. Sau da yawa a nan ma'aikaci zai gane inda aka zame. Amma ko ya ce maka "je ka, za a gyara", ka gode masa, sannan ka rubuta. Gobe ana iya mayar da shi Diffa. Takarda ce ke zama.

Wasiƙar ba ta son tsawo. Sunanka, inda gidan yake, wane haraji ne, na wace shekara, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da abin da kake roƙo. Ka sa hannu, ka haɗa kwafin takardar da suka aiko. Ka yi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya su ba ka. Kada ka fito ba tare da ita ba.

Abu biyu nake so ka rarrabe. Cewa "an yi kuskure" daban, cewa "daidai ne amma ba ni da hali" daban. Kowanne yana da hanyarsa. Na biyun roƙon sassauci ne, hukuma na iya rage maka ko ta yafe tara, tana kuma iya ƙi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in shi ne halinka ka roƙa ba kunya. Sai dai kada ka cakuɗa su a wasiƙa ɗaya, mai karantawa zai rasa me kake nema. Sannan ka sani, kai ƙorafi shi kaɗai ba ya dakatar da biya. Abin da ka yarda da shi ka biya, ka karɓi rasit. A kan sauran, ka roƙi jinkiri a rubuce, ka ji sharaɗin da za su gindaya.

Ka tambaye ni ko ka ɗauki gwani. In kuskuren na ido ne, ɗaki ya faɗi ko ɗan haya ya tashi, kai kanka ka isa. Abin da kake buƙata mai rubuta wasiƙa ne da Faransanci, don ko da yake an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, takardun ofis da Faransanci suke zuwa. Malamin makaranta na unguwa zai iya. Ka sa ya karanta maka abin da ya rubuta da Hausa kafin ka sa hannu. In kuwa gidajen haya ne da yawa, ko bashin shekaru ya taru da tara, ko an ƙi ƙorafinka kana son wucewa gaba, to nemi akanta mai rajista ko lauya. Akwai kwamitin sasanta rikicin haraji da ake kira CARFI, bayansa akwai kotu, kuma waɗannan wuraren ba a shigarsu da ka. Amma ka yi lissafi tukuna. Tasawa zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100. Ka haɗa kuɗin mota da na gwani da kwanakin da shagonka zai kasance a rufe. In sun fi abin da kake son a rage, an sai da kare an sayi biri ke nan. In za ka ɗauki gwani, ku yi ciniki tun farko, a rubuce.

Wanda nake ji maka tsoro shi ne mai tsayuwa a bakin ofis, wanda zai ce ya san wani a ciki, ka kawo jika 10 a rufe magana. Ba na cewa duk mugaye ne, yunwa ce ke sa wasu. Amma kuɗin da ba rasit bai shiga ko'ina ba. Baɗi takardar za ta dawo da nauyinta, ga na bana a kai.

Sai maganar 'yan'uwanka. Gidan na gado ne, ba a raba ba. Kafin ka kai wasiƙa, ka tara su, har da mata da ke gidajen aurensu a Mayahi, ka faɗa musu abin da ake ciki. Abin da aka biya a rubuta wanda ya bayar da nawa ya bayar. Rasit ɗin haraji shaidar biya ce, ba ta mayar da gida na mai biya. Ka faɗi haka da bakinka a gabansu, don kada wani ya kwana da zargi. In an gyara lissafin, ka nemi a ba ka gyaran a rubuce, kowa ya samu kwafinsa. Ka gaishe mini da tsohuwa.