Amsar Tambaya: Sakin Fuska ga 'Ya'ya Sangarta ne?

Sakin fuska ga yaro daban, sakin linzami daban. A zamanin kakanni da kunya ake tarbiyya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sau da yawa ma goggo ko kaka ke riƙonsa bayan yaye, kuma duk babba a unguwa yana iya tsawata masa. Yau uba kan zauna tabarma ɗaya da 'yarsa tana ba shi labarin makaranta. Wannan alheri ne, domin yaron da ke tsoron gida, a waya yake neman mai sauraronsa. Ɓarnar tana farawa ne ranar da maƙwabci ya kwaɓi yaro, uwa ta yafo mayafi ta fito faɗa. Nan kam kaka ta fi gaskiya, sai dai a lallaɓa ta ta ajiye bulala.