Darasi na Tara: Ƙwayoyin Gamin Ƙarfe da Samar da Lantarki daga Zafi

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Sabon Garin Gusau da almuru zai ga tukubar masu tsire da murhun masu shayi da injinan janareta suna ta fitar da zafi, yawancinsa kuwa iska ke kwashewa. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi yadda ake mayar da irin wannan zafi lantarki, da kalmomin bayyana hakan da Hausa.

Asalin Ilimin

A shekarar 1821 Bajamushen masani Thomas Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta, aka zafafa mahaɗa ɗaya aka bar ɗaya da sanyi, lantarki zai gudana. Da wannan hikima ce kumbunan Voyager biyu da Amurka ta harba a 1977 suka sami wuta. Sai dai na'urorin kasuwa, waɗanda akasari ake yi da gamin bismot da teluriyam, ba su cika mayar da fiye da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na zafin ba.

Matsalar da Maganinta

Ana son sinadari mai barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, amma ya tare zafi, domin gefe guda ya dawwama da zafi, ɗayan da sanyi. Wahalar ita ce, galibin abin da ke sadar da lantarki yana sadar da zafi.

Gamin ƙarfe shi ne ƙarafa biyu ko fiye da aka narka aka gauraya, kamar yadda maƙeran fari ke yi. Masana kan barbaɗa ƙwayoyinsa a cikin sinadarin, ko su sa su tsiro a ciki. Ana auna girmansu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Zafi yana tafiya ne ta hanyar kaɗawar ƙwayoyin zarra, to waɗannan ƙwayoyi sai su watsa kaɗawar, lantarki kuwa ya sami hanyar wucewa, tamkar rariya mai riƙe tsaki ta saki gari. Amma in suka yi yawa, sai su tauye ƙarfin lantarkin ma.

A 2004 masana a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Mercouri Kanatzidis, suka bayyana sinadarin dalma da teluriyam mai ɗauke da ƙwayoyi masu yalwar azurfa da antimoni, wanda ma'aunin ingancinsa ya kai kusan 2, alhali na tsofaffin sinadarai bai cika wuce 1 ba.

Abin Lura

Dalma guba ce. A 2010 gubarta ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadiyyar sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Don haka ake neman sinadarai marasa dalma, kamar masu ɗauke da magniziyam, waɗanda za su fi dacewa da murhun gida a Tsafe ko Bungudu.

Auna Fahimta

1. Wace matsala ce ƙwayoyin gamin ƙarfe ke magancewa?
2. Bayyana dacewar misalin rariya, sannan ka kawo naka misalin.
3. Me ya sa na'ura mai dalma ba ta dace da ɗakin girki ba?