Shawara ga masu koyar da noman lambu da leda

Malamin jami'a da ke son ɗalibansa su iya noman lambu da leda ya fitar da su gona tun makon farko. Kowane rukuni na mutum uku ko huɗu a ba shi kunya biyu, ɗaya a lulluɓe da leda, ɗaya a bar ta a buɗe. Su reni irin tumatir ko tattasai, su dasa, su rubuta ruwan da kowace kunya ta sha da kuɗin da ta ci. Daga nan makinsu zai fito.

A shimfiɗa siririyar mesar ɗigon ruwa kafin leda, a sa matata a bakin tanki, domin ruwan rijiya ko na dam yakan toshe hudojin da laka. A ja ledar ta kama ƙasa sosai, a binne gefenta, in ba haka ba iskar hunturu za ta yaye ta.

Zaɓen launi shi ne inda na fi so a tsaya. Baƙar leda tana hana ciyawa haske, tana riƙe laima, amma a zafin Maris da Afrilu a Kano ko Maraɗi takan gasa saiwa. Mai fuskar azurfa ta fi dacewa da lokacin: tana mayar da hasken rana, tana kuma rage farin ƙuda. Ɗalibai su sa ma'aunin zafi a ƙarƙashin kowacce da tsakar rana su gani da idonsu.

Bayan girbi, su tattara ledar kaf. Kada a ƙone ta a gona, kada a bari awaki su ci.