Darasin Lafiya: Tari da Jini, da Hoton da Likita Ke Nema

A wajen fassara muna yawan haɗuwa da iyalan da aka ce za a tura ɗan uwansu babban asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa saboda yana tari da jini, sai tsoro ya sa su ƙi tafiya. Darasinmu na yau bayani ne a kan wannan hoto da amfaninsa.

Daga ina jinin ke fitowa?

Huhu yana samun jini ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce manyan jijiyoyin da ke kai jini ya ɗauki iska. Ta biyu wasu ƙananan jijiyoyi ne da ke ciyar da bututun numfashi. Waɗannan ƙananan sun fito ne daga babbar jijiyar da ke barin zuciya, don haka jinin cikinsu yana tafiya da ƙarfi. A mai lafiya faɗinsu bai wuce milimita 2 ba. Amma idan tarin fuka ko wata doguwar cutar huhu ta lalata wani sashe, sai su kumbura, su karkace, su riƙa fashewa. Kusan kashi 90 cikin 100 na jini mai yawa da ake tofarwa daga nan yake fitowa. Ko wanda ya gama maganin tarin fuka shekarun baya yana iya samun wannan, domin cutar tana barin rami a huhu.

Me hoton ke nunawa?

Ana fara gwajin kaki da hoton ƙirji na yau da kullum. Idan jinin ya yi yawa ko yana dawowa, likita zai nemi hoton siti-sikan. Ana yi wa mara lafiya allurar wani ruwa a jijiya wanda ke sa jijiyoyin jini su bayyana, sai a gane wace ce ke zubar da jini kuma a wane ɓangare. A asibitin da ke da kayan aiki, ana iya zura siririn bututu ta matsematsi har zuwa jijiyar, a toshe ta ba tare da an tsaga ƙirji ba. Likitocin Faransa ne suka fara wannan aiki a 1973.

Kafin hoton, a faɗa wa likita idan akwai juna biyu, ko ciwon ƙoda, ko wata allura ta taɓa jawo ƙaiƙayi da kumburi.

Abin da za mu yi

Babban haɗari shi ne jinin ya toshe numfashi. Idan ya fara fitowa, a garzaya asibitin sansani ko cikin dare ne. Kada a ba shi jiƙo ko abinci. Idan likita ya taɓa faɗin ɓangaren da ke da ciwo, a kwantar da shi a kan wannan ɓangaren. Ko ɗigon jini ne a kaki, a je a yi gwaji. Maganin tarin fuka kyauta ne, kuma yawanci ana shan sa wata 6 ko fiye ba tare da tsallake rana ba.

Idan an ba da takardar turawa, a tafi da katin rajista da tsofaffin takardun asibiti. Wanda bai fahimci bayanin likita ba, ya nemi mai fassara, haƙƙinsa ne.

Allah Ya ƙara mana lafiya.