Me Ya Sa Sanyin Bukuru Ya Fita Daban?

Wani mai sauraronmu daga Katsina yana tambaya: me ya sa Bukuru ke da sanyi da ruwan sama haka, alhali ita ma a Arewa take?

To Malam, tudu ne ya jawo. Bukuru, hedikwatar ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, tana bisa tsaunin Filato, sama da mita 1,200 daga doron teku. Duk hawan mita dubu, zafi kan ragu da kusan digiri shida. Iskar damina mai ɗauke da danshi idan ta hau tsaunin sai ta huce ta zubar da ruwa, wani sa'in har da ƙanƙara. Damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta.

Hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ba wasa. In za ka je, ka riƙe bargo, don wankan asuba sai jarumi.

Wannan sanyin ne ya karɓi dankalin turawa da kabeji. Da rani ma manoma kan yi ban ruwa daga tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama tafkuna.