Ba Kowane Ciwon Kai Ne Taifod Ba

Akwai maganar da na gaji da jinta a bakin mutanen Sabon Garin Wudil da kewaye: "Likita, taifod ɗina ce ta sake tashi." Ka tambayi mutum yana zazzaɓi, ya ce a'a. Cikinsa lafiya, yana cin tuwonsa, ranar Juma'a ma ya wuni a kasuwar shanu. Kansa ne kawai yake ciwo, wata da watanni.

Taifod ba ta kwanciya a jikin mutum ta riƙa tashi duk sati. Cuta ce da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa ko abinci, tana zuwa da zazzaɓi mai ƙaruwa kullum, ta kayar da mutum. Gwajin Widal da ake ta dogara da shi yakan nuna alama ko a jinin lafiyayye, musamman a ƙasa irin tamu da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Amma sai a ɗauki takardar nan kamar hukuncin alƙali, a ɗura wa bawan Allah allurai da ƙarin ruwa, kuɗi su ƙare, kai yana nan yana sara.

Yawancin ciwon kai mai maimaituwa iri uku ne. Na farko na gajiya da damuwa: mutum ya ji kamar an ɗaure masa kai da rawani an tamke, har zuwa ƙeya. Rashin barci, yunwa, ƙishirwa a zafin bazara da tunanin bashi ne ke kawo shi. Na biyu ciwon ɓarin kai, mai bugawa gefe ɗaya, da tashin zuciya da ƙin haske da hayaniya. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, ya fi kama mata, musamman lokacin al'ada, kuma ana gadonsa. Ba shafar aljanu ba ce, kada a yi wa yarinya tsaga a goshi.

Na uku shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, domin mu muke saye da kuɗinmu: ciwon kan da magani ke haifarwa. Wanda yake shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko ƙwayoyi masu haɗin kafeyin ko tiramadol kwana 10 a wata, har tsawon wata uku, to maganin ya koma cutar. Da asuba kai zai tashe shi, ya sha ƙwaya ya lafa, da azahar ya dawo, ya ƙara. Ɗalibai a lokacin jarrabawa, direbobin hanyar Maiduguri, matan aure da ke aiken yara kemis a haɗo musu "haɗi", duk a nan suke faɗawa. Ina ƙara faɗa: ƙwayar da kake sha kullum ita take riƙe maka ciwon. Bayan haka ga gyambon ciki da lalacewar ƙoda da irin su ibufurofen da dikulofenak ke jawowa. Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah. Zuba ƙwaya kala biyar a leda ba tare da ko tambaya ba, ba taimako ba ne.

Abin yi: ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da kai ya yi ciwo, da abin da ka ci, da barcinka, da ƙwayar da ka sha. Bayan wata guda ka kai wa likita. A auna maka hawan jini, a duba idonka. Barin ƙwayoyin zai sa ciwon ya tsananta na sati ɗaya ko biyu kafin ya sauka, shi ya sa ake yinsa ƙarƙashin kulawar likita.

Amma akwai wanda ba a jira. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba. Ciwo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996 mun san shi. Ciwo da karkacewar baki ko mutuwar hannu. Ciwon kan mai ciki da kumburin ƙafa da dishi-dishin gani. Ko wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur. Waɗannan a wuce da su Babban Asibitin Wudil nan take, ko da tsakar dare ne. Allah Ya ba mu lafiya.