Darasi na 14: Rufin Ragar Ƙarfe

Karatu

Idan ka shiga babban zauren filin jirgin sama ko ɗakin wasanni, ɗaga kai ka dubi rufin. Sau da yawa za ka ga sandunan ƙarfe a sarƙe kamar raga, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar zauren. Wannan shi ake nufi da ragar ƙarfe.

Ana yin ragar ƙarfe da gajerun sanduna miƙaƙƙu, wasu a kwance, wasu a karkace. Wurin da sandunan suke haɗuwa shi ne mahaɗa. Ƙarfin wannan gini daga alwatika yake fitowa. Idan ka danna murabba'in da aka haɗa da sanduna huɗu, zai karkace. Alwatika kuwa ba ta sauya siffa sai ɗaya daga sandunanta ta lanƙwashe ko ta karye. Shi ya sa injiniyoyi suke jera alwatika da yawa, su ba su siffar ƙananan dala.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka abin yake a nan. Idan nauyi ya sauka a wuri ɗaya, sai ya rarrabu ta kowace mahaɗa. Wasu sanduna nauyin yana jan su, wasu kuma yana danne su. Don haka rufin ba shi da nauyi sosai, amma yana rufe wuri mai faɗi.

Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da wayar tarho, ya gina hasumiya da wannan dabara a Kanada a 1907. Sai dai dabarar tana bukatar lissafi mai kyau. A watan Janairu 1978, rufin wani ɗakin wasanni a birnin Hartford na Amurka ya rufta bayan dusar ƙanƙara ta taru a kansa. Bincike ya nuna akwai kuskure a tsarin ginin. An yi sa'a babu kowa a ciki.

Sababbin Kalmomi

alwatika: siffa mai kusurwa uku
murabba'i: siffa mai kusurwa huɗu da gefe huɗu daidai wa daida
ginshiƙi: abin da ke tallafe rufi
jinka: rufin ciyawa
rufta: faɗo ƙasa gaba ɗaya

Tambayoyi

1. Mece ce mahaɗa?
2. Me ya sa alwatika ta fi murabba'i ƙarfi?
3. Me ya faru a Hartford a 1978?
4. Kawo jam'in waɗannan kalmomi: sanda, ƙarfe, ginshiƙi, injiniya.

Aiki

Ku samo tsinken tsintsiya da laka. Ku haɗa murabba'i da tsinke huɗu, sannan ku haɗa dala da tsinke shida. Ku danna kowanne da yatsa, ku rubuta abin da kuka gani cikin jimloli uku.